Alkama da Sha'ir a Hannun Masu Sauya Gado

Laccar da wani ɗalibin fannin aikin gona ya gabatar a zauren Ƙungiyar Ɗalibai



Ran da aka ba ni wannan batu, wani abokina ya ce mini, "Kai kuwa me ya haɗa ka da hatsin ƙasashen ƙanƙara, alhali ko gero ba mu gama da shi ba?" Na ce masa ya biyo ni wurin mai shayin bakin ƙofa da safe, ya ƙirga burodin da ake yankawa kafin a shiga lacca ta fari. In ya gama, ya ƙara da taliyar rana, da fanke, da gurasar da ake ci da tsire bayan isha'i. Duk alkama ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya kuwa jirgin ruwa ke kawo ta. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ƙasashe biyu da a lokacin suke fitar da fiye da rubu'in alkamar kasuwar duniya, mai shayi bai bukaci jarida ta gaya masa ba.

Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun noma ta a fadamu suna ba ta ruwa da jigo, da ita ake alkaki da finkaso tun kafin zuwan Turawa. Amma ita da 'yar'uwarta sha'ir, da wani hatsi da ake kira ots, sanyi suke so. Manyan gonakinsu suna Rasha da Faransa da Kanada da arewacin Sin, a wurinmu kuwa sai da hunturu. To, abin da nake so in bayyana yau shi ne dabarun da masana suka bi har suka iya sa hannu cikin gadon waɗannan hatsi, da kuma inda dabarun suka tsaya game da bukatarmu.

Mu fara da abin da ake nufi da gado. Kowane tsiro, kamar kowace dabba, an gina shi da 'yan ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana suna kiran kowane ɗaki tantanin halitta, ni zan riƙa cewa tantani kawai. A cikin kowane tantani akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda aka gane sigarsa a 1953. Zaren nan rubutu ne, amma da haruffa huɗu rak. Wani yanki na rubutun shi ke cewa kara ya yi tsawo, wani ya ce ƙwaya ta yi ja, wani ya ce a tare wa cuta kaza hanya. Kowane yanki irin wannan shi ake kira ƙwayar gado.

Tun fil azal mutane suna gyaran iri. Manomi yakan zaɓi zangarniya mafi kyau ya ajiye ta domin shuka. Masanin iri yakan ɗebi bununin wannan ya zuba wa wancan, ya yi ta shukawa yana tsincewa shekara goma ko fiye. Ta haka Norman Borlaug ya yi aiki a Meziko da jinin wata gajerar alkamar Japan, ya fid da alkama mai gajeren kara wadda ba ta kwanciya in ta sha taki, har aka ba shi kyautar Nobel a 1970. Sai dai auren iri kamar auren mutane ne, ba amarya kaɗai ke shigowa gida ba, har danginta, na kirki da na banza. Sabuwar dabara ita ce a tafi kai tsaye ga yankin rubutun da ake bukata, a ƙara shi, ko a soke shi, ko a gyara masa harafi, a bar sauran yadda suke.

An yi wa taba wannan aiki tun 1983, alkama kuwa sai bayan shekara tara. Dalili na fari shi ne girmanta. Alkamar burodi jikar ciyayi uku ce. Biyu sun haɗu a daji tun da daɗewa, ta ukun ta shigo kimanin shekara dubu 8 zuwa 10 da suka wuce, bayan mutane sun fara noma. Da aka haɗu ba a yar da rubutun kowa ba, aka riƙe duka uku, masana suna kiransu A da B da D. Haruffanta sun kai kimanin biliyan 16, na ɗan Adam biliyan 3, na shinkafa kuwa ba su kai rabin biliyan ba. Sai a 2018, bayan shekara 13 ana aiki, gamayyar masana daga ƙasashe da yawa ta gama karance rubutun, ta ƙirga ƙwayoyin gado sama da 107,000. Baƙinmu na ofis za su fi kowa gane wahalar. Kamar takardar umurni ce mai kofe uku, kowane a fayil dabam. In ka soke magana a kofe ɗaya, akawu zai buɗe na biyu ya ci gaba da aiki da ita, kamar ba ka yi kome ba.

To, ta yaya ake shigar da sabon rubutu cikin tantani? Ɗan aike na farko ba mutum ya ƙirƙiro shi ba. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa da ake kira Agrobacterium, wadda ke sa itatuwa yin ƙari a gindi. Ita ma sai bango ya tsage take samun wurin shiga, watau sai tsiro ya ji rauni. A shekarun 1970 masana a Beljiyam da Amurka, irin su Marc Van Montagu da Jeff Schell da Mary-Dell Chilton, suka gano abin da take yi. Takan yanko guntun zarenta ta cusa shi cikin zaren tsiron, guntun ya tilasta wa tsiro ya yi ƙari, ya kuma riƙa dafa mata abinci. Sai masana suka ce, tun da ɗan fasa-ƙwauri ya san hanya, a sauke masa kayansa a ɗora masa namu. Dabarar ta ci a taba da tumatir da ire-irensu. Da aka zo kan hatsi sai ɗan aike ya noƙe, domin dangin ciyawa ba gidan da ya saba shiga ba ne.

Nan ne John Sanford da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka zo da abin da da farko aka ɗauka wasa ne. Suka shafa zaren gado a jikin garin wani ƙarfe mai nauyi, suka harba shi da albarushi cikin fatar albasa. Yawancin tantanin da ke tsakiya suka farfashe, amma a gefe-gefe wasu suka karɓi ƙwayar ƙarfen suka rayu, suka kuma karanta saƙon da ta kawo. An buga sakamakon a 1987. Daga baya aka koma amfani da garin zinariya da iska mai ƙarfi maimakon albarushi. Da wannan bindiga Indra Vasil da mutanensa a Jami'ar Florida suka samar da alkama ta farko mai ɗauke da baƙuwar ƙwayar gado a 1992, aka yi wa ots a shekarar, sha'ir kuma a 1994. Aibin bindiga shi ne ba ta da saiti. Takan zuba kofe da yawa, wasu a kakkarye, tsiro kuwa in ya ga baƙi sun yi yawa yakan rufe musu baki duka. Shi ya sa ba a bar lallashin ɗan aiken farko ba, har ya yarda ya shiga shinkafa a 1994, alkama da sha'ir a 1997. Shi yakan kai kofe ɗaya ko biyu a tsabtace.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba, kuma wannan ne wurin da nake roƙon ku ba ni hankalinku. Shigar da rubutu cikin tantani guda rabin aiki ne. Tantani guda ba ya cika rumbu. Sai an mayar da shi cikakken tsiro mai saiwa da kara da zangarniya, wanda 'ya'yansa za su gaji sabon rubutun. Kowa a nan ya san in ka sari karan rogo ka binne zai tofo, in ka binne ganyen dawa kuwa taki ka yi. Hatsi ba ya son tofowa daga guntun jikinsa. Wurin da ya fi yarda shi ne ɗan tayin da ke cikin ƙwaya tun tana ɗanya, kamar mako biyu bayan bununi, lokacin da ƙwayar take ruwan madara. Ma'aikaci yakan zauna gaban madubi da tsinke da 'yar wuƙa, yana ciro 'yan tayin nan ɗaya bayan ɗaya, kowane bai wuce ƙwayar riɗi ba. A jera su a faranti bisa wani abinci mai kama da kamu, wanda aka zuba wa sukari da gishirin tsiro da sinadaran girma. A haɗa su da ɗan aike kwana biyu ko uku, sa'an nan a kashe shi da magani. 'Yan tayin su kumbura su zama wani farin tsoka marar siga. Da yake ba a iya gane wanda ya karɓi saƙo da ido, akan haɗa saƙon da wata ƙwayar gado mai jure wani dafi, a zuba dafin cikin abincin, waɗanda ba su karɓa ba su mutu. A canza sinadari, tsoka ta fid da koren tsiro. A sake canzawa, ta yi saiwa. Wajen wata uku ke nan, kuma duk tsawon lokacin nan in ƙura ta shiga faranti, ko wuta ta ɗauke ɗaki ya yi zafi, an koma gidan jiya.

A farkon lamari, cikin 'yan tayi 100 da kyar ake samun 1 ko 2 da za su kai ga zama tsiro. Abin da ya fi wannan muni, ba kowane iri ke yarda ba. A alkama, wani iri mai suna Bobwhite yana cikin waɗanda suka fara yarda, daga baya wani mai suna Fielder, wanda masanan wani kamfanin taba na Japan suka ƙware a kansa har suka riƙa samun 40 ko fiye cikin 100. A sha'ir kuwa kusan duniya duka ta dogara ga iri guda, Golden Promise, wanda aka daɗe ana nomawa a Sikotland. Watau irin da ke jin magana a faranti dabam, irin da manomi ke so a gona dabam. In an gama aiki a kan na faranti, sai a koma tsohuwar hanyar aure, shekara da shekaru, kafin a kai sabon halin cikin irin manoma. Sai a 2020 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka haɗa ƙwayoyin gado biyu na alkamar kanta masu tunzura girma, suka ga cewa in an sa su cikin saƙo, nau'o'in da suka daɗe suna taurin kai sukan tofo, lokacin aikin ma ya ragu da kimanin wata guda.

Dabara ta uku ita ce wadda ake ta yayatawa, watau almakashin da ake kira CRISPR, wanda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna amfaninsa a 2012, aka ba su kyautar Nobel a 2020. Shi wannan ba ƙari yake yi ba, gyara yake yi. Ana ba shi ɗan jagora mai haruffa 20, ya bi zare yana dubawa har ya iske inda haruffan suka dace, ya datse. Tantani ya yi gaggawar ɗinkewa, garin gaggawa ya ɓatar da harafi ɗaya ko biyu, ƙwayar gadon ta daina karantuwa. Bayan haihuwa ɗaya ko biyu ana iya tsince 'ya'yan da suka gaji gyaran amma ba su gaji almakashin ba. Kada dai mu manta, almakashin shi ma sai bindiga ko ɗan aike sun kai shi ciki, kuma sai tantani ya tofo a faranti.

Ga misalin da ya fi burge ni, domin tushensa a Afirka yake. Akwai wata farar fumfuna da ke rufe ganyen alkama da sha'ir a ƙasashe masu sanyi da laima. Fumfunar tana dogara ga wata ƙwayar gado ta tsiron kansa, mai suna MLO, kamar ɓarawo mai ɗan hannu a cikin gida. A cikin sha'ir ɗin da Jamusawa suka kwaso daga gonakin Habasha a shekarun 1930 aka sami wanda ƙwayar nan ba ta aiki sosai a jikinsa, fumfuna kuwa ba ta kama shi. Masanan iri na Turai suka aurar da halin cikin nasu, ga shi an shafe shekara 40 da ɗoriya yana tsare gonakinsu. Sha'ir kofe ɗaya gare shi. A alkama ba a taɓa tsintar irin wannan a gona ba, domin sai kofe uku sun lalace tare. A 2014 Gao Caixia da abokan aikinta a Bejin suka datse duka ukun a tashi ɗaya, da wani almakashi da ya girmi CRISPR, ana kiransa TALEN. Alkama ta tsira daga fumfuna, amma sai ganyenta ya riƙa tsufa da wuri, amfani ya ragu. Shekara takwas suka ƙara kafin su sami gyaran da ya kawar da wannan illa, a 2022, gwamnatin Sin kuma ta ba alkamar takardar amincewa a 2024. Shekara goma ke nan a kan ƙwayar gado guda wadda an riga an san aikinta.

Faranti kuma ba gona ba ne. A cibiyar Rothamsted ta Ingila, wadda aka kafa tun 1843, an yi alkama mai fid da irin warin da ƙwarin darɓa ke fitarwa don gargaɗin juna in sun ga abokin gaba. A ɗakin gwaji ƙwarin suka guje ta. Da aka shuka ta a fili a 2012 da 2013, ƙwari suka sauka suka ci abinsu. Masu adawa sun yi barazanar tumɓuke ta, har kuɗin shinge da gadi suka fi kuɗin binciken kansa. Ina girmama masanan nan da suka buga sakamakon a 2015 suka ce bai yi ba.

Kasuwa ma tana da nata hukunci. Kamfanin Monsanto ya yi alkama mai jure maganin ciyawa, amma ya jingine ta a 2004, domin manoman Amurka da Kanada sun ji tsoron masu saye a Turai da Japan za su juya musu baya. Tsoron ba na banza ba ne, don da aka tsinci ɓurɓushinta a wata gona a jihar Oregon a 2013, nan take Japan ta dakatar da sayen wani nau'in alkamar yankin. Masara da waken soya da auduga an daɗe ana noma waɗanda aka sauya wa gado, alkama kuwa sai a 2020 wata ƙasa ta fara yarda, watau Ajantina. Sunan alkamar HB4, an sa mata ƙwayar gado daga sanfulawa, furen nan da ake matsar mai daga 'ya'yansa, domin ta jure fari. Ku lura, su ma ba a kan irin ƙasarsu suka fara ba, a kan wani irin Ingila ne mai suna Cadenza. A watan Yuli na 2022 hukumarmu mai kula da irin waɗannan halittu, NBMA, ta ba da izinin shigo da ita Nijeriya domin niƙa da ci, ba domin shuka ba. Mutum nawa ne a zauren nan suka ji labari a lokacin?

Na san akwai masu tambaya a ransu ko wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne. Hukunci na malamai ne, ba na ɗalibin noma ba. Abin da kawai zan roƙa shi ne a kai musu bayani cikakke. A gaya musu cewa a 2015 an binciki ɗaruruwan nau'in dankalin Hausa, aka iske guntun zaren Agrobacterium a cikinsu, wanda ya shiga da kansa tun kafin a san ɗakin gwaji. A gaya musu cewa shi Golden Promise ɗin an same shi ne a shekarun 1950 ta hanyar haska wa iri hasken nukiliya, a makance, kuma ba wanda ya ɗaga murya. A kuma gaya musu damuwar da take ta gaskiya, watau cewa HB4 tana ɗauke da halin jure wani maganin ciyawa, abin da ke iya ƙara yawan feshi, da cewa dabarun nan da dama mallakar kamfanoni ne, sai da lasisi.

Yanzu mu dawo gida. Kawuna yana noman alkama a filin ban ruwa. Wata shekara ruwa bai iso layinsu da wuri ba, maimakon ya yi shuka a tsakiyar Nuwamba sai ƙarshen Disamba. Gona ta yi kore shar, kowa na yaba masa. Amma lokacin da ƙwaya za ta cika ya faɗo cikin Maris, sa'ad da zafin rana a ƙasar Kano ke haura awo 35. Da aka sussuka, ƙwayar ta fito a motse kamar ta yi jinya. Ba fumfuna ta ci shi ba, ba darɓa ba, zafi ne. Wani babban bincike da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin awo ɗaya na zafi yana rage alkamar duniya da kimanin kashi 6 cikin 100. Mu da muke bakin iyakar inda alkama ke iya rayuwa, mu ne farkon ji a jika.

Ku dubi jerin abubuwan da na ambata: farar fumfuna, ƙwarin gonakin Ingila, maganin ciyawa na manyan gonaki, farin filayen Ajantina. Kowa ciwon gidansa ya yi wa magani, ba kuwa laifi ba ne. Jure zafi ya fi duk waɗannan wuya, domin ba ƙwayar gado guda ke riƙe da shi ba. Zafi yana kashe bununi, yana gaggauta tsufan ganye, yana taƙaita kwanakin cikar ƙwaya, kowane da nasa rukunin ƙwayoyin gado, kowace kuma kofe uku. Ci gaban da aka samu a wannan fage, a Wad Madani ta Sudan da kuma Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka ɗora wa alhakin alkama da sha'ir a ƙasar nan, ta hanyar aure da zaɓe aka same shi. Duk wanda ya zo ofishinku ya ce yana da almakashin da zai mai da bazara hunturu, ku tambaye shi a wace gona ya gwada, shekara nawa, a wane wata ya yi shuka.

Mun taɓa gwada gajeriyar hanya. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, suka buga littafinsu The Wheat Trap, suna nuna yadda ƙasar nan ta saba da abincin da ba ta iya noma isasshensa. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama ɗungum, a 1992 ta janye hanin. Doka ba ta ƙara wa hunturu ko kwana ɗaya ba.

Ba ina cewa mu naɗe hannu ba. A Samaru an fid da wake mai jure tsutsar da ke huda kwanso a 2019, da masarar TELA a 2024, ko da yake ƙwayoyin gadon da ke cikinsu daga waje aka kawo su. Wannan ya nuna muna da masu gwaji a gona da masu auren iri. Abin da nake ganin ya kamata mu nema shi ne matakin da ke gaban wannan, watau hannun da zai ciro ɗan tayi daga alkamar da ake nomawa a Kadawa da Haɗeja, ya lallashe shi har ya tofo a faranti. Wanda ya iya wannan a alkama ya kama hanyar yin sa a dawa da gero, waɗanda su ma masu taurin kai ne a faranti, kuma ba su cikin manyan hatsin da kamfanonin waje suka damu da su. Aikin ba ya bukatar gini mai hawa goma. Yana bukatar ɗaki mai tsabta, da wutar da ba za ta ɗauke ba har wata uku, da sinadaran da za su iso kafin su lalace a tashar jirgi, da albashin da zai hana wanda aka horar tattara kayansa. Uku daga cikin huɗun nan ba a ɗakin gwaji ake yanke su ba, a kan teburin baƙinmu na ma'aikatu ake yi.

Na ga Shugaba yana duban agogo. Akwai batun tsatsar alkama da ta ɓullo a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990, da yadda masanan Ostireliya suka ɗaure ƙwayoyin gado biyar a ƙunshi ɗaya a 2021 don tare ta. Wanda yake son jin wannan sai ya ɗaga hannu lokacin tambayoyi.